Likkafani a Falona

Litinin, 8 ga Afrilu, 2013, ƙarfe goma na safe

Mijina ya fita. Na goge masa farar shet, ya ɗaura taye, ya ɗauki jaka, 'yarmu Rabi'a ta ce masa "Bye, Dad" ta wuce makaranta. Wata shida ke nan kullum haka, tun da wasiƙar sallamar nan ta zo daga kamfaninsu a Oktoba. Injiniya mai digiri biyu, laburare yake zuwa ya zauna cikin tsofaffi masu karatun jarida. Ranar da laburaren ke rufe kuwa, kwana uku yanzu a mako, sai ya hau bas ya yi ta zaga gari har lokacin tashi daga aiki ya yi. Ni na ce a yi haka. Ni na ce kada yayansa Ja'afaru ya ji a Manchester, kada Hajiya mahaifiyarsu ta ji a Zariya, kada ma Rabi'a ta ji, don yaran ƙasar nan ba su iya riƙe magana ba.

Bayan fitarsa wata Baturiya ta ƙwanƙwasa ƙofa. Alice sunanta, aikinta nemo gidajen da za a ɗauki fim a ciki, a biya masu gidan. Wai fim ne na talbijin a kan wasu Musulmi 'yan Afirka da ke zaune a unguwar Moss Side ta Manchester, amma a nan garinmu, a unguwarmu Handsworth, za su ɗauka, don gidajen iri ɗaya ne kuma nan ya fi musu sauƙi. Na ce to su je Moss Side ɗin mana. Ta yi dariya. Ta shigo min da takalmi har kan kafet, tana ɗaukar hoton bango da matattakala, tana ta cewa "perfect". Na dai karɓi katinta don ta fita.

Talata, 9 ga Afrilu, bayan la'asar

Abban Rabi'a ya ce mu yarda. Ban tambaye shi dalili ba, shi ma bai faɗa ba. Mun sa hannu.

Juma'a, 12 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana

Waya da Hajiya, kamar kowace Juma'a. Ta ce yaya aikin mijinki. Na ce alhamdu lillahi.

Lahadi, 14 ga Afrilu, da yamma

Baƙi talatin za su shigo min gida, kuma ƙasar nan kaf za ta ga falona. To ni ba a bola aka haife ni ba. Kwana biyu muna fenti. Na rataye labulen da na ajiye don Sallah, na wanke tagogi ciki da waje, na turara ko'ina har turaren ya fita titi. Abban Rabi'a ya gyara matakin nan da ya karye tun bara, har na ji yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, abin da na manta rabon da in ji. Bayana kamar zai ɓalle, amma gida ya fito.

Laraba, 17 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Alice ta tsaya a bakin falo ta dafe kai. "Oh no, Zee, what have you done?"

Zee wai. Zinatu, harafi shida, ya gagare ta.

Ashe tsohon fentin take so, da karyayyen matakin. Mutanen labarin talakawa ne tilis, uban gidan ya mutu bayan an yanke masa tallafin gwamnati, kuma a cikin gidaje arba'in da ta duba, nawa ne ya fi kama da nasu. A fuskata ta faɗi haka, tana murmushi, tana jira in ce na gode.

Da rana aka turo ƙatti biyu da bokitai. Ina tsaye suka shafa wa sabon fentina ruwan ƙasa, suka zana funfuna a kusurwa da ɗan buroshi, a hankali, har ɗayan yana ja da baya yana duba ko ta yi kyau. Suka sauke labulena suka rataye wasu masu warin taba. Suka sake karya matakin. Da suka zo kan takardun digirin da ke bango, ɗayan ya ce waɗannan ba su dace da gidan nan ba. Abban Rabi'a bai bari sun taɓa ba. Shi ya sauke su da hannunsa, ya naɗe a zanina ya tura ƙarƙashin gado.

Duk da haka na dafa musu dafa-duka, don ban iya mutum ya wuni a gidana da yunwa ba. Cokali bibbiyu suka yi, suka ajiye min farantan a kan dardumar salla.

Alhamis, 18 ga Afrilu, da safe

Ƙazanta. Ƙazanta kawai.

Litinin, 22 ga Afrilu, ƙarfe ɗaya na rana

An fara. Sun rufe allon sunan layinmu da na wani layi a Manchester, sun kawo kwandunan shara irin na can, har sharar ma tasu suka zo da ita a leda suka watsa a ƙofata. Manyan motocinsu suna harabar cibiyar matasa da aka rufe bara. Can mai abincinsu yake suyar naman alade tun bakwai na safe, iska tana kawo min har kicin.

Na ga 'yan wasan. Wadda za ta fito a matar gida 'yar Landan ce, mutuniyar kirki, ba ruwanta, amma ta ɗaura mayafi kamar mai ciwon haƙori, sai da na kama na gyara mata. Limamin kuwa wani dogo ne, Bartholomew, an manna masa gemu da gam, ya rataya carbi a wuya. Da an tsaya hutu sai ya ɗage gefen gemun ya cusa burodi. Ya ce min "Salam alaikum, sister." Na amsa, don sallama ce.

Mun ce wa Rabi'a babanta hutu ya ɗauka don ya sa ido a kan gida.

Laraba, 24 ga Afrilu, bayan la'asar

Yau suka gwada sallar jana'iza a falona. Da ruku'u. Da sujada. Bartholomew a gaba yana dungura goshi a kan kafet ɗina, mutum takwas a baya suna leƙen juna.

Abban Rabi'a yana zaune a matattakala, ya kasa haƙuri ya ce ba haka ake yi ba. Na zaci za su kore shi. Sai daraktan, wani saurayi mai yagaggen wando, ya jawo masa kujera. Awa guda suna tambaya yana amsawa. Ya nuna musu kabbara huɗu a tsaye. Da aka kawo abin da suke kira likkafani, zanin gado ne mai roba a gefe, ya ce a sayo farin yadi, ya nuna yadda ake yanka shi uku da inda ake ɗaurewa.

Ya hawo sama idonsa na ƙyalli. "Zinatu, they actually listened. Har rubutawa suke yi."

Wata shida ba wanda ya nemi ra'ayinsa a kan komai. Har ni.

Alhamis, 25 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Tsohon da zai fito a mamacin ya kwanta rashin lafiya. Daraktan ya ce fuskar Abban Rabi'a ta yi masa.

Na ce, "Gawa?"

Ya ce, "Acting ne fa kawai. Scene biyu ne, ɗaya ina tafiya a titi, ɗaya ina kwance."

"A cikin likkafani."

"Fuskar ma second uku za a nuna."

"Yaya ba shi da TV ne? Matarsa Anti Ruƙayyatu da ba abin da ke wuce ta?"

"Sai baɗi za a saka. Kafin nan na samu job in sha Allahu, sai mu ce don nishaɗi na yi."

Na ce tir. Na ce mutum da ransa da lafiyarsa ya kwanta a naɗe shi, a falonsa, a gaban matarsa, wannan ai jawo wa kai ne. Na faɗi wasu maganganun ma. Ya bari na gama, sannan ya ce, "To ki kawo wata dabarar." Ban kawo ba.

Juma'a, 26 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana

Hajiya. Yaya aikin mijinki. Alhamdu lillahi.

Litinin, 29 ga Afrilu, bayan magariba

Yau Moss Side ta gaske suka je, don suna so dogayen benayen Manchester su fito a bayansa yana tafiya. A motarsu ya tafi. Na wuni ina leƙen waya, don daga wurin zuwa gidan Yaya bai fi tafiyar minti goma sha biyar a mota ba, kuma rabin Hausawan garin nan ta wajen suke bi zuwa sayen nama.

Sau goma sha huɗu aka sa shi ya taka layi ɗaya, cikin tsohon kwat, da leda a hannu, wai ya ƙara sunkuyar da kai. Ba wanda ya gan shi. Ya kamata in ji daɗi.

Ya shiga garin da yayansa yake, uwa ɗaya uba ɗaya, ya wuni, ya fito bai je ya gaishe shi ba. Tun da muka zo ƙasar nan bai taɓa yin haka ba. Na zuba masa tuwo bai ci ba. Abin da ya ce kawai, "Na ga kwanar da ake bi zuwa gidan Yaya."

Talata, 30 ga Afrilu, ƙarfe sha ɗaya na safe

Alice ta ce mata masu hijabi ba za su ishe su ba gobe, ko zan tsaya a ƙofa lokacin da za a fito da gawa. Na ce a'a. Ta kuma ari kaftanai da hulunan Abban Rabi'a don masu ɗaukar akwati.

Ƙarfe uku

Na ce to.

Laraba, 1 ga Mayu, ƙarfe bakwai na safe

Likkafanin ya yamutse, kuma ni kaɗai na san inda dutsen guga yake. Na goge.

Alhamis, 2 ga Mayu, ƙarfe tara na safe

Jiya ban iya riƙe biro ba. Bari in rubuta yadda abin ya zo, ko zan daina ganinsa.

Tun takwas aka ce kowa ya kashe waya. Motar ɗaukar gawa ta gaske suka yi haya, baƙa, doguwa, aka tsayar da ita a ƙofata. Kyamarar tana can a tagar sama ta gidan da ke kallonmu, ma'aikatan duk sun ɓuya, don a ga layin kamar ba kowa sai masu makoki. Akwatin buhunan yashi ne a ciki, Abban Rabi'a yana sama ana shafa masa toka-toka a fuska. Na san da haka. Amma da na ga maza shida cikin kaftanansa da hulunansa sun fito da akwati ta gabana, sai hannuwana suka hau kaina da kansu. Ba wanda ya ce in yi kuka. Daraktan ya aiko a ce min na yi ƙoƙari, in sake yin haka. Sau tara aka fito da shi.

A ɗaya daga cikin taran ne bas ta wuce ta bakin layinmu, da Jamilatu a sama. Jamilatu 'yar ƙanwar Anti Ruƙayyatu ce, matar Yaya, tana karatu a jami'a a nan, ta ci tuwona ya fi a ƙirga. Ta ga motar gawa, ta ga hulunan da ta sani, ta gan ni da hannu a ka. Ta kira ni, a kashe. Ta kira shi, a kashe. Sai ta kira Anti tana kuka, ta shiga jarrabawa. Ban ga laifinta ba. A wurinmu in ka ga an fito da mutum, ba a tsayawa bincike, sanarwa ake yi don a samu salla.

Wajen ƙarfe biyu aka koma ciki. An kwantar da shi a tsakiyar falo a cikin yadin da na goge, an sa masa auduga a hanci, an ɗaure kai da ƙafa yadda shi ya koya musu. Ina rakuɓe a ƙofar kicin. Aka ce a yi shiru. Sai na ji salati daga waje, da muryar da na sani.

Yaya Ja'afaru ya ture mai gadinsu ya shigo da kayan asibiti a jikinsa, ko katin wuyansa bai cire ba. Babban likita, mai furfura, mutumin da ban taɓa ganin ya ɗaga murya ba. Bai ga fitilu ba, bai ga Turawa ba. Ya zube a gwiwa ya kama ƙafafun yana cewa, "Maharazu. Maharazu, ƙanina. Ko rashin lafiya ba a gaya min ba." Ya kai hannu ya buɗe fuskar.

Abban Rabi'a bai motsa ba. Wallahi bai motsa ba. Ban sani ba ko jira yake a ce an gama, ko kunya ce ta danne shi, kuma ba zan tambaya ba. Yaya ya kifa goshinsa a ƙirjinsa yana kuka. Sai can ya ɗago a hankali, don likita ne, ya ji abin da ke bugawa. Suka kalli juna. Anti Ruƙayyatu ta ƙwalla ƙara daga bakin ƙofa. A bayanta mota uku ce daga Manchester, duk mutanen da na yi wata shida ina yi wa murmushi a wajen suna da walima.

Kyamarar ba ta tsaya ba.  Ko hawaye Yaya bai share ba, yaron nan mai yagaggen wando ya matso da takarda, wai ko zai sa hannu a yi amfani da abin da aka ɗauka, don duk fim ɗin ba inda ya kai nan gaskiya.  Bartholomew ne, Allah ya shirye shi, ya fizge gemun nan gaba ɗaya ya jefar, ya ce wa daraktan ya ji kunya, ya kora su waje duka ya ja ƙofa.

Yaya ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Yau Laraba. Me kake yi a gida ranar aiki, a cikin wannan abin?"

Abban Rabi'a ya tashi zaune, yadin a kafaɗarsa, ya ciro audugar ya riƙe a hannu. Ya ce, "An yi redundancy, Yaya, an sallame ni daga aiki. Tun October."

"October?"

Yaya ya ɗaga kai ya bi bangon da kallo, da funfunar, da labulen. Ya ce, "Haka kuke zaune, ina Manchester?"

Na ce fenti ne, Yaya, zanawa aka yi. Ba wanda ya ko kalle ni. A lokacin na lura Rabi'a ta dawo daga makaranta, tana tsaye a tsakanin matan da jakarta. Ta ce, "Dad, where've you been going every morning, then?"

Ba a amsa mata ba, don Yaya ya zabura ya dafe aljihu. Ya ce tun a kan hanya ya kira Zariya, ya ce Kawu Uba ya je ya gaya wa Hajiya da bakinsa.

Awa biyu. Awa biyu tsohuwar nan tana zaune da mutuwar ɗanta. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maƙwabta sun cika tsakar gida. Da aka kai mata wayar, ya ce, "Hajiya, ni ne," ba ta ce komai ba sai salati. Ta ce ya sake faɗa. Ya sake. Ta ce ya sake.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Sun kwashe kayansu. Ƙattin nan biyu suna shafe funfunar da farin fenti. Alice ta kawo min furanni, na bar su a bakin ƙofa.

Yaya bai koma ba, a nan ya kwana. Tun safe suna ɗaki shi da ƙaninsa da takardun digirin a kan gado, yana ta kiran mutane a waya. Yaya ya san wani a kamfanin gina gadoji a Salford, kusa da Manchester, tun shekara goma. Anti ta ce min da tun Oktoba ya sani, da tun Oktoba ya kira shi. Ba da faɗa ta faɗa ba, tana yanka albasa ne.

Rabi'a ba ta yi min magana ba tun jiya.

Juma'a, 3 ga Mayu, ƙarfe uku na rana

Ban kira ba. Ita ta kira, ta ce a ba ta ni.

Na shirya wa zagi. Na tsaya a kicin na ce duk abin da ta faɗa na cancanta. Ta gaishe ni a tsanake, ta tambayi Rabi'a. Muryarta ta dishe.

Akwai abin da ban rubuta a littafin nan ba. A watan Janairu ta matsa da tambaya, wai me ya sa muryarsa ta canza, sai na ce mata gajiya ce, ana shirin ƙara masa girma a wurin aiki, ta taya mu da addu'a. Faɗa kawai na yi don ta bar maganar.

Ta ce, "Zinatu, ke kika ce min za a ƙara masa girma."

Na ce, "Ni ce, Hajiya."

Ta ce, "Tun ranar ban sha ruwa ba Litinin da Alhamis, da ciwon sugan nan nawa, likita yana faɗa ina yi. Kowace sujada ƙarin girma nake roƙa masa. Da kin gaya min gaskiya, ai da aiki na roƙa. Ba ni da kamfani, ba ni da kowa a Ingila, abin da nake da shi ke nan da zan ba yaron nan. Kin bar ni wata huɗu ina roƙon abin da ba shi yake bukata ba."



Ta ce, "Ba ni ɗana."

Na kai masa wayar.